Alára: Kantin Kayan Alatu Da Ya Kamata Masu Sana'ar Hannu Su Leƙa

A titin Akin Olugbade da ke Tsibirin Victoria a Legas akwai wani kanti mai suna Alára, wanda Reni Folawiyo ta kafa, kuma David Adjaye, ɗan asalin Ghana da ya yi suna a duniya wajen zanen gine-gine, ya tsara gininsa. Ana sayar da tufafi da kayan ɗaki da kayan ƙawata gida a cikinsa, kuma abin da ya bambanta shi da sauran manyan kantunan garin shi ne yadda yake jera aikin masu zane na Afirka kafaɗa da kafaɗa da na Turai, ba tare da an ware na gida an kai shi lungu ba.

Ginin da kansa ya isa a tsaya a kalla. An lulluɓe fuskarsa da zane mai kusurwoyi wanda aka ɗauko daga adire, rinin gargajiya na Yarabawa, kuma idan rana ta ratso ta ramukan zanen sai inuwarsa ta kwanta a kan bene da bango. A ciki an yi matakai hawa-hawa maimakon ɗakuna masu ƙofofi, saboda haka mutum yana tsaye a ƙasa yana hango abin da ke sama. Ba a cunkushe kaya ba. Kujera guda ko kwando guda yana da filinsa, har mai kallo ya samu damar zagaya shi, ya duba ɗinkinsa ko saƙarsa ta kowane ɓangare. Duk wanda ya san jeren amarya a ƙasar Hausa ya san cewa iya jera kaya ma gwaninta ce, sai dai mu muna nuna yawa, su kuwa a nan sun zaɓi su nuna kaɗan domin ido ya zauna a kan kowane ɗaya.

Daraja aikin masu zane na gida salo ne da yake ta ƙaruwa a Legas cikin 'yan shekarun nan. Titi Ogufere ta fara shirya baje kolin Design Week Lagos a 2019, kuma matasa irin su Nifemi Marcus-Bello suna ƙera kujeru da fitilu da hannun maƙeran gida suna kai su manyan wuraren baje koli a ƙasashen waje. A 2023 Alára ma ta kai kayanta gidan tarihi na Brooklyn a Amurka. Masu hali da a da ba sa yarda da kayan ɗaki sai an ce daga Italiya ko Turkiyya aka kawo, yanzu sun fara tambayar wane ne ya yi, kuma da me aka yi.

A nan ne batun ya shafe mu kai tsaye. 'Yan uwanmu da ke da rumfuna a kasuwar kayan gargajiya ta Lekki, wadda aka fi sani da Jakande, suna sayar da fatar da aka jeme a Kano, da tagullar Bida, da fayafayi da ƙorai masu zane, kuma asalin kayan nan ba ya ƙasa da na kowa. Kano ce ta daɗe tana fitar da fatar akuya da Turawa suka riƙa kira fatar Maroko, saboda ta can take bi kafin ta isa gare su. Amma ɗauki tim-tim guda a wata rumfa ka juya shi: sau da yawa za ka ga gam ya leƙo a gefen ɗinki, zik ɗin mai araha ne wanda ba zai yi shekara ba, jan launin kuma yana zuba a tafin hannu idan an yi gumi. Badukun ya iya aikinsa sarai, sai dai ya san za a taya kayan da rabin kuɗi, shi ya sa ba ya ɓata kwana biyu wajen kammalawa. Wannan abu yana damuna ƙwarai, domin tazarar da ke tsakanin rumfa da babban kanti ba ta wuce ƙarashen aiki da sunan mai yi ba. Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan takardar naira 20, da tukwanen ƙasa ta yi suna, kuma tana sa alamarta a jikin aikinta.

Game da farashi, Alára ba wuri ne na mai ƙaramin ƙarfi ba, kuma ba a yin ciniki irin na kasuwa. Wanda ya fito daga Agege ko Idi-Araba zai kuma yi lissafin cunkoson hanya kafin ya isa tsibirin. A harabar kantin akwai gidan abinci mai suna Nok, sunan tsohuwar al'ummar kudancin Kaduna da ta shahara da sassaƙen yumɓu, wanda Pierre Thiam ɗan Senegal ya tsara abincinsa na farko.

Shawarata ga dukawa da masaƙa da dillalan kayan ƙawa ita ce su ware rana su je, ko da ba za su sayi komai ba, su duba bakin ɗinki da cikin jaka da ƙasan kujera, wuraren da mai saye mai kuɗi yake fara kai hannu kafin ya tambayi farashi.