Gidan Bene, Zafin Bazara da Magen da ke Jinya: Me Ya Kamata a Saya?

Mai gidan bene a Kano ko Sakkwato ya san cewa yanayi biyu ne a gidansa. A watan Afrilu, sa'ad da zafi ke haura digiri 40, falon ƙasa yakan zaunu da fanka, amma ɗakunan sama ba sa kwantuwa har tsakar dare. Rufi ya yini yana shan rana, iska mai zafi kuma sama take hawa ta matakala. Don haka kafin ka shiga kasuwa, yi wa sama lissafinta daban, ƙasa ma daban. Sayen na'ura iri ɗaya a kowane ɗaki ɓarnar kuɗi ce.

A sama ne eya-kwandishan ke biyan kuɗinsa. Mai ƙarfin doki ɗaya (1HP) ya ishi ƙaramin ɗakin kwana, amma ɗakin da ke ƙarƙashin kwano kai tsaye, ko wanda tagarsa ke kallon yamma, gara a ba shi doki ɗaya da rabi. Idan ka tsuke hannu ka sayi ƙarami, zai yi ta aiki ba hutu, ɗakin kuma bai yi sanyi ba. Tsakanin mai inbata da na gargajiya, ni mai inbata nake zaɓa. Ya fi tsada a kanti, amma ba ya fizgar wuta wajen tashi, yana kuma rage gudu da kansa idan ɗaki ya huce, shi ya sa janareta da sola suka fi jure masa. Tun Afrilun 2024 da aka ƙara kuɗin wutar 'yan rukunin A, wato unguwannin da suka fi samun wuta, zuwa naira 225 kan kowane yunit a lokacin, wannan bambanci ya zama abin da ake gani a mita. Sai dai kafin duk wannan, a leƙa cikin silin. Shimfiɗa abin tare zafi a ƙarƙashin kwano aiki ne na sau ɗaya, kuma ba ya cin wuta.

Ƙasa ba ta da wahala. Fankar silin wat 70 ko kusa da haka take ci, inda eya-kwandishan mai doki ɗaya da rabi ke haura wat 1,000. Akwai kuma kula mai ruwa, wato na'urar da ke sanyaya iska da ruwa, wadda ke aiki sosai a Maris da Afrilu saboda iska a bushe take, muddin an bar taga a buɗe. Da damina ta kankama sai ta koma ƙara wa ɗaki gumi.

Inda mutane suka fi kuskure shi ne batun dabbar gida da ke jinya. Mage ko karen da aka yi wa tiyata, a ƙasa ya kamata ya zauna, domin hawa da sauka na iya ɓalle ɗinki, wanda yawanci sai bayan kwana 10 zuwa 14 likitan dabbobi ke cirewa. Fanka kuma ba ta yi musu abin da take yi mana. Mu gumi ne ke bushewa a jikinmu mu ji sanyi, su kuwa ba sa gumi sai ɗan kaɗan a tafin ƙafa. Shi ya sa kare ke zaro harshe yana haki. Amma mage idan ta fara haki da baki buɗe, kada a jira, a nemi likita. A ɗaya ɓangaren, bayan allurar barci jikin dabba ba ya riƙe ɗuminsa yadda ya saba, wato digiri 38 zuwa 39, saboda haka kwantar da ita daidai bakin eya-kwandishan cutarwa ce. Abin da take so shi ne ɗakin da yanayinsa ba ya hawa da sauka, da tsumma a gefe guda, dandaɓen tayil a ɗaya gefen, ta zaɓi inda ya yi mata, ga ruwan sha kusa. Idan wutar unguwarku ba ta da tabbas, fanka mai caji da kwalbar ƙanƙara naɗe a tawul sun fi na'urar da za ta mutu da tsakar rana amfani.

Hunturu gajere ne, bai kai a kashe masa dukiya ba. Hita guda ɗaya ta isa, kuma mai mai a ciki ta fi mai ƙarfen da ke yin ja aminci, don wutsiya ko bargo ba sa saurin kama wuta a jikinta, ko da yake ita ma tana cin wat 1,000 zuwa 2,000. Kaskon garwashi kuwa kada ya kwana a rufaffen ɗaki. Iskar da gawayi ke fitarwa ba ta da wari, tana kashe mutum cikin barci, ballantana mage maras lafiya. Ita dai a cika mata kwalba da ruwan ɗumi, a naɗe da zane, a ajiye a gefenta ba a ƙarƙashinta ba, domin dabbar da ba ta iya juyawa tana ƙonewa ba ta matsa ba.