Shagon ƙwallo na marigayi Alhaji, kusa da Kasuwar Dole

Ran Alhamis na je sayen ƙwallon kwando lamba 7 (girman na manya) wa ƙanena. Jaka tara aka ce, na taya bakwai, muka daidaita a takwas. Roba ce, amma tana jure simintin filinmu da zafin Damagaram.

Alhaji, Allah ya jiƙansa, bai taɓa jefa ƙwallo a kwando ba, amma ba a wasan ɗaliban jami'a babu shi, da kujerarsa da buhun ruwan leda. 'Ya'yansa sun riƙe al'adarsa: famfon hura ƙwallo kyauta, tsofaffin takalma kuma ana wankewa a ba marayu.

Abin da ya ɓata min rai, ragar kwando ta ƙare tun azumi, kullum "sai mota ta zo daga Kano, yaya".