Keken koyon tafiya mai warewa da wani mai walda ya haɗa wa 'yata

'Yata shekararta 6, kuma tun haihuwa ƙafafunta a sanƙare suke. Likitar gashin ƙashi da muke gani a Asibitin Ƙashi na Dala ce ta ce a samo mata keken dogarawa irin wanda yake zagaye ta ta baya, don na gaba yana sa yaro ya riƙa duƙawa. Wanda muka fara saya a haɗe yake ruf, ba ya shiga adaidaita sahu. Duk ranar asibiti sai babanta ya rungume shi rabi a waje, ni kuma ina goye da ita.

Wani mai walda ne a wajen Ƙofar Ruwa ya yi mana sabo. Kafin ya yanka ƙarfe ko ɗaya sai da ya tsayar da ita, hannayenta a sake, ya auna daga ƙasa zuwa wuyan hannunta. Nan ne tsayin mariƙin. Wannan kaɗai ya kwantar mini da hankali, don haka likitar ma ta auna.

Mahaɗar ce ta burge ni. Siririn bututu yake zurawa cikin mai faɗi, ya huda ramuka jere, tazarar inci ɗaya tsakaninsu, sai noti mai kunne da ake murɗawa da hannu, ba ruwanka da sufana. Keken ya rabu gida 3: gefe biyu da sandar baya. Ni kaɗai nake ware shi a bakin titi, in cusa a buhu. Idan ta ƙara tsawo, rami ɗaya zan matsa sama.

Amma akwai gyara. Sati 3 da fara amfani, notin hagu ya riƙa kwancewa saboda gargadar tsakar gidanmu, keken yana kaɗawa, ita kuma da ta ji motsi sai ta ƙanƙame mariƙin ta ƙi ɗaga ƙafa. Bakin kusar ma ya yi tsawo har ya karce mata cinya. Ranar raina ya ɓaci sosai.

Na koma na ce, "Malam, ka duba aikinka." Bai yi musu ba. Ya ce, "Hajiya, laifina ne, a bar mini shi zuwa la'asar." Ya juya kan kusar mai santsi ta ciki, ya datse sauran, ya ƙara washa mai tsini da ke hana noti juyawa, bai karɓi ko sisi ba.

Nauyi dai yana nan, ƙarfe ba alminiyon ba ne. Inda bututun ke goguwa ma fentin ya ɗaye, da damina sai ina shafa man keke saboda tsatsa. Duk wanda zai ba da irin wannan aiki, ya je da yaron, ya nemi likitan gashi ya duba keken kafin a yi fenti.

Jiya da kanta ta ja keken daga bakin ɗaki har gindin randa, ta ce ruwa za ta sha.