Na'urar Huda Yatsa Ko Ta Mannawa A Dantse: Wacce Ta Dace Da Hajiya?

'Yar'uwa, kin ce tun bara likita ya ɗora mahaifiyarki a kan ƙwayar metformin ta ciwon suga, kuma kina son sanin ko ki saya mata na'urar gwajin suga da ake huda yatsa, ko kuwa irin wadda ake mannawa a bayan dantse. Allah Ya ba Hajiya lafiya. A ganina, a halin da take ciki, ta huda yatsa ta wadatar.

Ta huda yatsa, irin su Accu-Chek da OneTouch, tana auna sugan da ke cikin ɗigon jini kai tsaye, ta ba da sakamako cikin 'yan daƙiƙu, sai dai labarin wannan lokacin kaɗai take bayarwa. Ita kuwa ta mannawa, kamar FreeStyle Libre ta kamfanin Abbott, tana da siririn zare da ke shiga ƙarƙashin fata, inda take auna sugan ruwan jiki dare da rana har kwana 14, sannan a cire a manna sabuwa. Tun da ba jinin take aunawa ba, takan makara da 'yan mintuna idan suga na hawa ko sauka da sauri, shi ya sa ko masu amfani da ita ake umartarsu su huda yatsa duk lokacin da abin da suke ji a jiki ya saɓa wa lambar da suka gani.

Inda ta mannawa ta yi zarra shi ne ga mai allurar insulin, musamman wanda sugansa kan faɗi yana barci, domin sababbin samfurinta suna kaɗa ƙararrawa. Metformin ita kaɗai ba kasafai take jefa mutum cikin wannan haɗari ba, don haka kuɗin da za a riƙa kashewa duk mako biyu gara a juya shi wajen magani da cimar da ta dace. Idan wata rana aka ƙara mata insulin ko ƙwayar glibenclamide mai iya faɗar da suga, sai a sake lissafi tare da likita.

Sai dai kada arhar ta huda yatsa ta ruɗe ki, domin ainihin kuɗin yana wajen tsinken gwajin da ake ɗiga wa jini, wanda ba a maimaita shi, kuma kowace na'ura nata take karɓa. Kafin ki biya, ki tabbata ana samun tsinkenta a kyamis ɗin unguwarku. Zafi yana lalata shi, yawanci idan ya wuce digiri 30, alhali bazarar Kano da Sakkwato kan haura 40, saboda haka a ajiye kwalbar a rufe cikin inuwa, ba a mota ko bakin taga ba. Abin da nake yawan nanatawa shi ne wanke hannu da sabulu a busar, domin yatsan da ya taɓa dabino ko mangwaro yakan nuna suga ya hau alhali bai hau ba. A huda gefen yatsa, ya fi sauƙin zafi.

Ga mafi yawan manya, ana son lambar ta tsaya tsakanin 80 da 130 kafin cin abinci, ƙasa da 180 awa biyu bayansa. Idan na'urar tana nuna ƙananan lambobi kamar 7.2, ma'auninta daban ne, sai a ninka da 18. Ƙasa da 70 na nufin a ba ta abu mai zaƙi nan take, ko da tana azumi, kuma shawarar likitoci ita ce mai azumi ya karya azuminsa idan lambar ta haura 300. Ki tanadar mata ƙaramin littafi tana rubuta rana, lokaci, lamba da abin da ta ci, ta riƙa tafiya da shi duk ranar ganin likita.