Ta gano mini ƙosai, sannan ta kulle mini bayanaina

Likitan da nake gani a nan Katsina ne ya ce in sauke wata manhajar waya ta rubuta abinci da yanayin ciki, bayan gwajin jini, na bayan gida da na olsa duk sun fito lafiya, ciki kuwa kullum a kumbure kamar ganga. Ya ce ciwon hanjin da ake kira IBS ne, hanjin ba shi da rauni, aikinsa ne ya rikice. Abin da za ka yi a manhajar kawai, ka rubuta me ka ci, yaushe murɗa ta taso, yaya bayan gida ya fita.

Da farko wallahi ta burge ni. Shekara da shekaru yaji ake ɗora wa laifi a gidanmu, har Hajiya ta hana a zuba mini attarugu. Ashe ba shi ba ne. Jadawalin ya nuna duk ranar da na karya da ƙosai da burodi, kafin la'asar sai na sassauta mazagin wando. Wake, alkama, albasa da tafarnuwa suna ɗauke da FODMAP, wasu nau'ikan sukari da Jami'ar Monash ta Ostireliya ta yi bincike a kai: ƙaramin hanji ba ya tsotse su sosai, sai ƙwayoyin babban hanji su ruɓar da su, iska ta taru. Na koma kunun gero da tuwon shinkafa, na samu sauƙi, alhamdu lillahi. Ko da yake manhajar ba ta san kuka ba, ba ta san daddawa ko fura ba, duk da hannu na riƙa shigar da su.

To, a daren da washegari zan koma asibiti, manhajar ta sabunta kanta. Na buɗe, duk abin da na rubuta yana bayan kwaɗo, wai sai na biya kuɗin shekara, kuma da dala. Katina ya ƙi. Da sassafe na je wajen mai POS a Ƙofar Ƙaura, nasa ma ya ƙi. Na tura musu saƙo, na'ura ce ta amsa. Ga shi ƙaurace wa abinci masu FODMAP mako 2 zuwa 6 ake yi, sannan a dawo da abincin ɗaya bayan ɗaya, ranar ce kuma za mu tsara hakan. Likita ya dube ni ya ce, "Malam, to da me za mu yi aiki?" Raina ya ɓaci ƙwarai. Ciwona ne, hannuna ya rubuta, a wane dalili za a sayar mini?

Tauraro biyu na ba ta. Wanda zai sauke, ya riƙa kwafe komai a littafi tun ranar farko.