Kafin ka kashe kuɗin bincikenka a kan lasisin manhaja

Ɗora ruwa a kan wuta, za ka ga na ƙasa ya ɗumama ya taso, na sama ya nutse. Masana kimiyya na kiran wannan juyi da sunan Rayleigh da Bénard. Amma ɗora kunu mai kauri: sai ya yi shiru, can ya yi bul, ya sake lafawa. Kusan haka gaurayen mai da ruwa yake idan ɗigon mai ya cunkushe, irin mayonez da mai ya haura kashi 70 cikin ɗari. Ɗalibin Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai da zai kwaikwayi wannan a kwamfuta, zaɓin manhaja ne ciwon kansa na farko.

COMSOL da ANSYS Fluent suna da sauƙin hannu, amma lasisinsu ba na aljihun ɗalibi ba ne. ANSYS na da na ɗalibai kyauta, sai dai an ƙayyade girman aikin da zai ɗauka.

OpenFOAM kyauta ne, kuma a tsarin kwamfuta na Linux ya fi sakewa. Inda gizo ke saƙa shi ne, hanyar da ya saba bin iyakar mai da ruwa takan narkar da ɗigo biyu su zama ɗaya da zarar sun taɓa juna. A ruwa mai ɗigo jefi-jefi, kamar madara, wannan ba komai ba ne. A cunkushe kuwa, kafin a jima ɗigonka ɗari sun koma tabkin mai, binciken ya tashi a banza.

Shi ya sa na fi karkata ga hanyar Boltzmann ta raga, wadda ke lissafa motsin ruwa a kan gidaje jere kamar na raga. Cikin manhajojin wannan hanya akwai Palabos na Jami'ar Janeba, akwai kuma TLBfind da masu bincike 'yan Italiya suka fitar a 2022 takanas domin wannan aiki, da ƙarfin da ke hana ɗigo haɗewa. TLBfind kyauta ne, amma a shimfiɗe yake lissafi, tsawo da faɗi kawai, kuma sai da katin hoto na kamfanin NVIDIA a cikin kwamfutar.

To nan kuɗin ya kamata su tafi. Kwamfutar cinya a zafin Afrilu na Yamai, fanka na kuka, ita da kanta za ta rage gudu. Sayi ta tebur, ka haɗa da batirin riƙe wuta, ka saita aikin ya riƙa ajiye kansa lokaci-lokaci, domin kuran ba ya sallama in zai tafi.