Gargaɗi ga masu son shirya motocinsu don tseren daji: ku yi hattara da dillalan intanet

Akwai wata damfara da ke yawo a shafukan Facebook, Instagram da TikTok da kuma zaurukan WhatsApp na masu sha'awar motoci, wadda aka ɗana ta musamman don waɗanda ke son mayar da motar hawansu ta yau da kullum ta koma irin ta tseren daji ko ta ratsa rairayi da laka. Masu wannan sana'a suna tallata abin da suke kira cikakken saiti, wanda ya haɗa da shokozoba da sifirin na ɗaga mota, da tayoyi masu manyan haƙora, da bututun shaƙar iska na gefen gilashi, da kejin ƙarfe na cikin mota, da kujerun tsere tare da bel ɗinsu, duk a kan farashin da bai kai rabin abin da kayan asali ke ci ba. Suna yi wa mai Golf ko Corolla alkawarin cewa motarsa za ta shiga inda Hilux ke shiga, mai Hilux ko Prado kuma su ce masa tasa za ta yi daidai da motocin gasar Dakar.

Sha'awar ba laifi ba ce, kuma tana da tushe. Peugeot 504, wadda aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, ita ce ta lashe gasar Safari ta Kenya a wannan shekarar, kuma gasar Dakar ta farko, wadda ta tashi daga Paris a ƙarshen Disambar 1978, ta ratsa ta Agadas da Yamai kafin ta isa Senegal. Sai dai motocin da manyan kamfanoni ke shiga irin waɗannan gasa da su injiniyoyi ne ke warware su su sake gina su bisa ma'auni, kuma wannan ɓangaren ne ɗan damfara ba ya ambata idan ya ɗora hoton mota tana tashi sama a kan tudun yashi.

Damfarar iri biyu ce. Ta farko ita ce wadda aka saba da ita, wato a karɓi kuɗi a ɓace. Dillalin zai nuna bidiyon shago cike da kaya, wanda galibi daga shafin wani kamfani na Dubai ko Ostireliya ya kwaso shi, sannan ya ce kwantenarsa tana kan hanya ko tana tashar Apapa, kuma saiti kaɗan ne suka rage ba a kama ba, saboda haka duk mai so ya ba da kafin alƙalami yau. Lambar asusun da zai turo ta mutum ce, ba ta kamfani ba, kuma sau da yawa sunan da ke kanta ya bambanta da sunan da yake amfani da shi a shafin. Bayan an tura rabin kuɗi, sai labarin ya koma na kwastan sun riƙe kaya, ana buƙatar ƙarin wani abu don a fitar da su, daga nan sai kuɗin direban da zai kawo su Kano ko Kaduna, har ranar da mai saye zai tarar an toshe lambarsa, shafin kuma ya sauya suna ya ci gaba da talla. Wannan asarar dukiya ce, kuma mai ita yakan farfaɗo.

Iri na biyu shi ne ya sa na ga wajibcin yin wannan rubutu, domin a nan kayan suna isowa, ana ɗaura su a mota, mai motar ya yi godiya har ya turo abokansa, alhali abin da aka sayar masa sitika ce kawai da fenti. Shokozoba ita ce aka fi yi wa wannan aiki. Ana tattaro tsofaffi daga cikin kayan gwanjo, a wanke su, a fesa musu ruwan ɗorawa irin launin Bilstein na Jamus ko Old Man Emu na kamfanin ARB na Ostireliya, a manna musu tambari, a sa su a kwali mai kyau. Wanda ya duba da natsuwa zai ga fenti ya hau kan roba da noti, wuraren da masana'anta ba ta fesawa, zai ga lambar kayan a sitika kawai take, ba ta yi daidai da wadda ke cikin kundin kamfanin ba, wani lokaci ma ya ga alamar mai yana tsattsafowa a wuyan sandar. Shokozoba mai gas idan aka danne ta da hannu tana turjiya daidai daga sama har ƙasa, sannan ta miƙe da kanta a hankali. Wadda ta shige ba wahala ko ta tsaya inda aka bar ta, ta riga ta mutu. A kan kwalta mai kyau ba lallai a gane bambancin ba, amma a hanyar burji mai gargada, inda shokozoba ke yin zafi saboda yawan aiki, matacciya takan bar taya tana tsalle ba ta taka ƙasa, kuma tayar da ba ta taka ƙasa ba birki da sitiyari ba su da iko a kanta.

Haka batun ɗaga mota yake. Abin da da yawa daga cikin waɗannan dillalai ke kira saitin ɗagawa bai wuce 'yan guntayen roba ko ƙarfen da aka yanka a wurin mai walda ba, waɗanda ake cusawa a saman sifirin. Motar za ta ɗagu kam, ta yi kwarjini a hoto, amma shaf ɗin da ke juya tayoyin gaba zai koma aiki a karkace fiye da yadda aka ƙera shi, robarsa ta yage da wuri, tiyon birki ya miƙe har ya ɗame idan taya ta faɗa rami, nauyin motar kuma ya koma sama, wanda hakan ke sa ta saurin kifewa a kwana. Mai sayar da kayan gaskiya yakan tambayi samfurin motar da shekararta da nauyin da za ta riƙa ɗauka kafin ya faɗi abin da ya dace da ita. Wanda ya ce saitinsa yana shiga kowace mota, ya riga ya faɗa maka matsayinsa.

Inda lamarin ya fi muni shi ne kejin ƙarfe, domin shi ne ake dogara da shi ranar da mota ta wuntsila. Hukumar FIA mai kula da wasannin tseren motoci ta duniya, wadda aka kafa a 1904, ta fayyace a cikin dokokinta irin bututun da ake yin keji da shi: ƙarfe ne marar ɗinki wanda aka ja shi a sanyi, babban bakan da ke bayan kan direba kuma kada ya gaza faɗin milimita 45 da kaurin milimita 2.5, ko faɗin milimita 50 da kaurin milimita 2, sannan ƙafafun kejin su zauna a kan faranti na ƙarfe da aka ƙarfafa jikin motar da su. Abin da ɗan damfara ke kawowa kuwa, sau da yawa bututun ruwa ne ko irin wanda ake yin gadaje da ƙofofi da shi, mai ɗinki a tsawonsa, an lanƙwasa shi da wuta har ya tsuke a kwana, an ɗiga masa walda a kan siririn ƙarfen daɓen mota, an shafe da baƙin fenti. Irin wannan keji idan mota ta kife yakan huda daɓen ya nutse, ko ya karye a wurin waldar ya zama mashi a cikin ɗakin da mutane ke zaune. A ganina motar da ba ta da keji ko kaɗan ta fi aminci a kan wadda ke da irin wannan keji, domin mai ita ya san iyakarsa, ba zai yi gangancin da mai jabun keji zai yi ba. Ya kamata kuma a sani cewa ko keji na gaskiya an yi shi ne don mutumin da ke sanye da hular kwano, ɗaure tam a kujerar tsere. A motar da ake kai yara makaranta, ƙarfe tsirara kusa da kai haɗari ne ko da a ƙaramin karo.

Kujeru da bel su ne suka fi sauƙin yi wa jabu, saboda sunayen Recaro, Bride, Sparco, Sabelt da Takata sun yi fice, kuma ɗinka suna a kan ƙyalle ba wuya. Dillalin zai nuna lakabin da ke ɗauke da haruffan FIA ya ce ga shaida. To lakabin gaskiya ba haruffa uku ba ne kawai: yana ɗauke da lambar ma'aunin da aka gwada kayan a kai, kamar 8853-2016 ga bel ko 8855-1999 ga kujera, da lambar amincewar da aka ba wannan samfurin, da shekarar da wa'adinsa ke ƙarewa, kuma kayan da aka ƙera a shekarun baya-bayan nan suna da wata sitika mai walƙiya ta hukumar mai lambarta daban. Hukumar tana wallafa jerin samfuran da ta amince da su a shafinta na intanet, kowa na iya dubawa kyauta, saboda haka idan lambar da ke jikin bel ba ta cikin jerin, ko tana ciki amma a ƙarƙashin sunan wani kamfani, magana ta ƙare. Wa'adin bel shekara 5 ne, haka ma kujerar da ke kan ma'aunin 8855-1999, kuma akwai masu sayo waɗanda wa'adinsu ya ƙare a Turai su sauya musu lakabi su sayar a matsayin sababbi. Ko bel ɗin na asali ne, idan aka ɗaure igiyoyin kafaɗarsa a daɓen da ke daidai bayan kujera, kamar yadda masu ɗaurawa da yawa ke yi don sauƙi, to a lokacin karo zai danne mutum ƙasa ya matse masa ƙashin baya.

Taya ba ta buƙatar dogon bayani. A gefenta akwai rubutun da ya fara da DOT, lambobi huɗu na ƙarshensa kuma su ne mako da shekarar da aka yi ta, wato 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Idan an kankare wurin, ko haƙoran tayar sun yi kama da waɗanda aka sassaƙa da wuƙa, a bar ta. Bututun shaƙar iska na jabu yakan tsage a rana, ko ya ƙi zama daidai a mahaɗarsa, sai ruwa ya bi ta nan ya shiga inji a tsakiyar rafi, a daidai wurin da aka saye shi don ya yi kariya. Ƙugiyar jan mota kuwa, ta gaskiya tana da nauyin da take iya ɗauka a rubuce a jikin ƙarfenta. Wadda ba ta da shi idan ta tsinke a ƙarƙashin ja, takan tashi da ƙarfin da zai fasa gilashi ya kashe na ciki.

Wasu daga cikin dillalan suna ƙara wani tarko, su ce za su haɗa wa mai saye da takardar shaidar FIA ta motarsa ko lasisin shiga gasa idan ya ƙara kuɗi. Lasisin tsere ƙungiyar wasannin motoci ta ƙasa wadda FIA ta amince da ita ce ke bayarwa, motar kuma jami'an gasa ne ke duba ta da idonsu kafin a tashi. Babu mai sayar da kaya a WhatsApp da ke da hurumin ko ɗaya daga cikin biyun.

Wanda ya ƙuduri aniyar yin wannan gyara, kada ya tura ko sisi kafin ya ga kaya, shi ko wakilinsa. Ya nemi dillalin ya kira shi ta bidiyo kai tsaye daga shagon, ya ɗauko kayan ya nuna lambarsu, sannan ya tura lambar da hotunan zuwa ga kamfanin da ake cewa shi ya ƙera su, domin manyan kamfanoni suna da jerin wakilansu a shafukansu. Ya duba sunan kasuwancin a shafin hukumar CAC mai rajistar kamfanoni, ya tabbatar sunan asusun ya yi daidai da shi, ko da yake rajista kaɗai ba ta mayar da maƙaryaci mai gaskiya. Idan ciniki ya faɗa, ya tafi da bakaniken da ya yarda da shi, ba wanda dillalin ya kawo ba, ya kuma karɓi rasit mai ɗauke da sunan kowane kaya da lambarsa. A Ƙofar Ruwa a Kano, da Panteka a Kaduna, da Ladipo a Legas, ana samun na kirki ana samun na banza, amma aƙalla akwai shago da maƙwabta da shugabannin kasuwa da za a iya kai wa ƙara.

Wanda kuma ya riga ya tura kuɗi, ya garzaya bankinsa a ranar da ya fahimci an yaudare shi ya shigar da ƙorafi a rubuce, domin da zarar an kwashe kuɗin zuwa wasu asusun, dawo da su yana wuya. Ya adana hotunan hirarsu da shaidar tura kuɗi da adireshin shafin kafin a goge, ya kai rahoto ga 'yan sanda ko EFCC, idan kuma jabun kaya aka kawo masa, ya sanar da hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu saye da hukumar SON mai kula da ingancin kayayyaki. Idan an riga an ɗaura kayan a mota, ya mayar da bel da kujerun asali, ya sa a cire kejin, a duba tiyon birki da shaf da shokozoba ɗaya bayan ɗaya, kuma kada ya sayar wa wani abin da ya cire don ya rage asara.